Tsakuwa Mai Zane Shida

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ɓoye ruwa a cikinta don mai haƙuri ya tono. Ku gyara zama, ku ba ni aron hankalinku. Ni ne Cindo ɗan Arzika, mahaƙin rijiya na birnin Kandamu a ƙasar Sarmadan, can bayan jajayen tuddai inda fatake ke juyawa. An sa mini Cindo ne saboda yatsa na shida da na zo da shi a hannun dama. Na taka ƙasashe da yawa, na sha ruwan da ya fi zuma, na sha wanda ko jaki ya ƙi. Amma yau labarin tafiyata Kufan Tilmasa zan ba ku, da abin da na baro a can ban dawo da shi ba.

Sana'armu ta mutum biyu ce. Ɗaya ya shiga rami, ɗaya ya riƙe igiya. Ni ne mai shiga, mai riƙe mini kuwa Barmo, wanda aka yi mana shayi rana ɗaya, muka yi jinya a bukka ɗaya. Shekara ashirin da biyu igiyata na hannunsa. In na girgiza sau ɗaya ya san ƙasa zai ja, in sau biyu ni zai ja. Wani lokaci ma kafin in girgiza ya riga ya ji a tafinsa cewa numfashina ya fara sarƙewa. Ban taɓa waiwayen bakin rijiya don in ga ko yana nan ba.

To, sai rijiyoyin Kandamu suka soma ja da baya. Ba wai ruwan sama ba ya zuwa ba ne. Yana zuwa, har da fushi ma, amma da ya sauka a kan tuddai sai ya kwasa a guje ta kwari, ya tafi da ƙasar noma, ya bar mu da kallo. Rijiyar da muke samun ruwa a gaba goma ta koma gaba ashirin, guga ya riƙa dawowa da laka. Mata suka fara kwashe yara suna komawa garuruwan iyayensu.

Tsofaffin fatake suka gaya wa Sarki cewa a ƙarshen duniyar da suka sani, a kan Tsaunukan Gargai, akwai kufan wani birni mai suna Tilmasa. Babu kogi a kansa, babu ƙorama, amma mutanensa sun yi zamani suna sha suna lambu. Sarki ya sa aka yi shela: duk wanda ya je ya ɗauko dabarar mutanen Tilmasa, za a naɗa masa rawanin Sarkin Ruwa.

Na ce wa Barmo, "Rawani ɗaya, mu kuma kai biyu. Ka naɗa ran Juma'a, in naɗa ran kasuwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Muka naɗe igiyarmu, muka ɗau dagi da gora da guzurin ƙuli-ƙuli, muka kama hanya bazara na shirin kamawa.

Kwana ashirin muka yi kafin mu isa Fagen Gishiri, fili fari fat, wanda samansa ɓawo ne, ƙasansa baƙar laka mai haɗiye raƙumi da kayansa. Muka ɗaure ƙugunmu da igiya ɗaya, muka riƙa shimfiɗa tabarminmu muna takawa, mu ɗauke ta baya mu kai gaba. A tsakiyar fagen iska ta fizge tabarmata, ɓawon ya fashe, na nutse har ƙirji. Barmo ya kwanta ruf da ciki ya ja ni. Igiya ta yanka tafin hannunsa, gishiri ya shiga ciwon, yana ihu yana ja har na fito. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ce tun farko mugu ne ni ne ban gani ba. Na juya abin nan a raina sau dubu. Ranar dai da gaske ya ja.

Bayan wata guda muka shiga Kwarin Ajiya. Tun daga bakinsa muka ji ana ciniki, ana kiran jaki, wata mata na faɗa da mijinta a kan tulun da ya fasa. Muka duba gabas muka duba yamma, ba kowa sai duwatsu. Barmo ya fara karanto duk addu'ar da ya iya, da wadda bai iya ba. Sai wani makiyayi da muka tarar a gindin ƙirya ya ce mu kwantar da hankalinmu, ba aljannu ba ne. Duwatsun kwarin ne ke riƙe duk maganar da aka yi a cikinsa, sai bayan wata shida cif su sake ta.

Da muka ji haka sai wasa ya tashi. Muka yi ta ihu muna gaida mutanen da za su wuce da kaka. Barmo ya haɗa hannu a baki ya ce, "Jama'a, ni ne Barmo! In an tono ruwa a ce sannu Cindo, ni kuma a ce sannu da riƙo!" Na yi dariya, na ɗauka raha ce.

Kwana biyu daga kwarin muka iso wani ɗan ƙauye a gindin tsauni, gidajensa na dutse, mutanensa masu tuƙar igiya. Tsakaninsu da Tilmasa akwai wani kwazazzabo mai zurfi, in ka jefa dutse sai ka gaji da jiran ƙararsa. A kansa suka shimfiɗa gadar igiya, wadda duk ƙauyen ke shekara guda suna tuƙawa. Da yake ruwa na ruɓar da ita, da an ga hadarin farko sai su kwance bakinta ɗaya su janye ta gida. Mayar da ita kuwa sai damina ta wuce, kogin da ke ƙasan kwazazzabon ya ƙafe, mutum ya sauka ya hau ɗaya gefen da bakin igiya a ƙugunsa.

A bakin gadar akwai wata tsohuwa makauniya, Inna Gwamma, zaune kusa da wata tukunyar dutse. Muka durƙusa muka gaishe ta.

Ta ce, "'Ya'yan nan, daga muryarku kun sha hanya. Kowa ya tsinci tsakuwa, ya yi mata alamarsa, ya ba ni in shafa, ya jefa a tukunya da hannunsa. In ya sauko ya ɗauki abarsa. Muddin akwai tsakuwa a ciki, gada ba ta motsi, ko da sama za ta tsage."

Barmo ya ce, "Inna, in mutum ya sauko ba kya nan fa?"

"Ba ni ake tambaya ba, ɗana. Tukunya ake tambaya. Ni ina zuwa gida, ina barci, ina mantuwa. Ita ba ta yin ko ɗaya."

Barmo ya zana gicciye a tasa. Ni na zana layi shida a tawa. Inna Gwamma ta shafa, ta kamo hannuna ta lalubi yatsun, ta yi dariya ta ce, "Kai Allah ya yi maka gyara." Muka jefa, muka haye. Ta bi mu da murya cewa kada mu yi nawa, iskar gabas ta fara ƙamshin ruwa.

Me zan ce muku game da Tilmasa? Matakala dubu da wani abu muka hau kafin mu ga ƙofarta, ƙofar da giwa uku za su shiga a jere. Gidaje ba rufi, ɓaure ya tsiro a ɗakunan sarakuna, awakin dawa na kallonmu daga kan katanga kamar mu ne muka shigo musu gida ba sallama. A jikin bango an sassaƙa fuskokin mutane baki buɗe, tantabaru sun yi sheƙa a ciki. Na shiga wani ɗaki na tarar da dutsen niƙa da ɗansa a kai, har da gurbin gwiwar matar da ta yi ta niƙa a wurin. Mutane ne kamarmu, sun yi girki sun yi faɗa, ga shi ko sunan ɗayansu ba a sani ba.

A tsakiyar birnin muka ga abin da muka zo nema, ko abin da muka ɗauka shi ne: wani makeken tafki busasshe, an tare bakinsa da katangar dutse mai tsawon kamu talatin. Barmo ya yi kabbara. Ya fito da fatar akuya da tawada, muka yi kwana takwas ina aunawa da igiya yana zanawa. A hanyarmu ta zuwa tafkin kullum muna tsallake waɗansu 'yan jerin duwatsu da ba su wuce idon sawu ba, sun kewaye gangaren tsaunin layi-layi. Barmo ya ce kaburbura ne, ni na ce wasan yara ne. Ba wanda ya sake kallonsu.

Rana ta tara da hantsi hadari ya haɗo daga gabas. Barmo ya ce mu sauka. Na ce saura abu ɗaya, akwai wata tsohuwar rijiya a bayan tafkin, ina so in ga yadda suka yi mata gini. Ya tofa yawu a tafinsa kamar yadda ya saba, ya kama igiya. Na sauka gaba goma sha biyar. Na duba abin da zan duba, na girgiza sau biyu.

Igiya ba ta amsa ba.

Na sake girgizawa. Na kira sunansa. Abin da ya zo raina shi ne maciji ya sare shi, ko ya faɗi. Na kama igiya na hau da ƙarfin damtsena, ina tsoron abin da ya same shi. Da na fito sai na ga igiyar ɗaure a jikin wani ginshiƙin dutse, ɗauri mai kyau, irin nasa, wanda ba ya zamewa. Ba Barmo, ba fatar zane, ba jakar guzuri. Gorata kawai ya bar mini.

Na sauka matakalar nan a guje, ina faɗuwa ina tashi. Ruwa ya tsuge kafin in kai rabi. Da na iso bakin kwazazzabo, gada ta tafi. Can ƙetare na hango mutane sun saɓa ta a kafaɗa suna shiga ƙauye da ita. Na yi ihu har muryata ta dushe, iska ta mayar mini da abina.

Ko a lokacin ban yarda ba. Na ce tsakuwata na cikin tukunya, kuskure ne, gobe za su gani. Na kwana uku a bakin kwazazzabon ina jiran goben. A rana ta huɗu na zauna na haɗa ɗaurin ginshiƙi da tafiyar gada, na gane hannu ɗaya ne ya ɗauki tsakuwa biyu. Ban yi kuka ba. Amai na yi, kamar wanda ya ci guba.

Na koma kufai na zama ɗaya daga cikin awakinsa. Na ci ɓaure, na ci ƙwan tantabara, na sha harbin zuma kafin in sha zumar. Na rufa wa ɗakin mai dutsen niƙa rassan itace na zauna a ciki. Kullum in na farka sai in shirya maganar da zan gaya wa Barmo, in na gama zaginsa kuma in kama nema masa hanzari. Wataƙila tsohuwar ce ta ruɗe. Wataƙila tilasta shi aka yi. Haka na yi ta yi kamar mai taɓin hankali.

Da yake ba ni da aikin yi sai kallon ruwa, sai na kalle shi. A nan ne idona ya buɗe. Duk ruwan da aka yi, ko ɗigo bai gangara tafkin nan a guje ba. 'Yan jerin duwatsun da muke tsallakewa su ne ke tare shi. Ya taho da fushi, layin farko ya rage masa gudu, na biyu ya zaunar da shi, na uku ya sa shi ya nutse cikin ƙasa. Layi ɗari da ɗari, tun daga ƙoƙon tsauni har ƙasa. Bayan wata biyu sai ga ruwa garau yana tsattsafowa daga bakunan fuskokin nan na bango, tsohuwar rijiya ta cika har ana iya ɗiba da hannu, tafki ya taru a hankali daga ƙasa. Katangar da muka yi kwana takwas muna aunawa ba ta taɓa karo da ambaliya ba. In da ta yi, da tuni ta zube. Mutanen Tilmasa ba tare ruwa suka yi ba, lallashinsa suka yi har ya zauna.

Na yi dariya ni kaɗai, har awaki suka watse. Sannan dariyar ta tsaya, domin na tuna Barmo na can zai gina katanga a bakin kwarin da ke saman Kandamu, ba layi ko ɗaya a bayanta, gidajen mutane a gabanta.

Dole in sauka. Na bi rarar ruwan tafkin na ga tana shiga wani rami a gindin bango. Na tuna a ƙauyen masu igiya akwai marmaro da ke fitowa daga jikin tsauni, inda mata ke ɗiba. Na ɗauki gorata, abu ɗaya da ya rage mini daga gida, na fasa ta. Kowace sakaina na zana mata layi shida da ƙaya, na riƙa jefa ɗaya a ramin kowace safiya. Sakaina goma sha tara na samu. Ran da na jefa ta goma sha bakwai, na hango hayaƙi ya tashi a bakin kwazazzabo, turnuƙu shida a jere. Na gane saƙona ya isa ƙauye.

Sai da kogi ya ƙafe suka iya mayar da gada. Na haye da rarrafe, ƙafafuna ba sa ɗaukata. Inna Gwamma na zaune inda na bar ta. Ta kamo hannuna ta ƙirga yatsun, sai ta fashe da kuka.

"Jikata ce ta kawo mini sakaina daga marmaro, ta ce ga abin wasa. Da na shafa, ɗana, sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar nan na sa hannu a tukunya na ji wayam, ni da bakina na ce a janye."

Na ce, "Inna, ba laifinki ba ne."

"Tun kakannin kakanninmu ba a taɓa yi wa tukunyar nan ƙarya ba. Ɓarayi sun hau tsaunin nan, masu kisan kai sun hau. Ba wanda ya taɓa ɗaukar tsakuwar wani. Ko a mafarki ba mu san hannu na iya yin haka ba." Ta share ido da gefen zanenta. "Yanzu dattawa sun ce a sa mai ido ya zauna yana ƙirga kawuna. Ni da tukunya an sallame mu."

Wannan ya ƙona mini rai fiye da yunwar da na sha. Ba ni kaɗai Barmo ya bari a kan dutse ba.

Suka yi jinyata kwana goma, suka ba ni gora da guzuri. Da na shiga Kwarin Ajiya, ban yi nisa ba sai na ji dariyata. Tawa, da ta Barmo, muna gaida mutanen kaka. Wata shida ya cika ke nan. Na ji shi yana cewa, "Ni kuma a ce sannu da riƙo!" Wannan karon ban ji raha a ciki ba.

Na yi lissafi, na ga in na jira mako biyu zan ji dawowarsa. Hankali ya ce in wuce, Kandamu na jira. Amma na zauna a gindin ƙiryar nan, domin har lokacin akwai wani wawa a cikina da ke fatan jin Barmo na kuka yana kiran sunana, ko yana faɗin wani dalili da ban sani ba.

Rana ta goma sha uku da la'asar na ji takunsa, shi kaɗai. Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Cindo ya faɗa kwazazzabo." Sai kuma ya ce, "A'a. Za su ce ina igiya." Ya sake gyaran murya. "Ranka ya daɗe, zazzaɓi ne ya kama shi a kan tsauni. Kwana uku ina jinyarsa. Da hannuna na binne shi." Ya maimaita, ya sa rawar murya a wajen "da hannuna". Bai gamsu ba, ya sake, ya matsar da rawar zuwa "binne shi". Sannan ya gwada kuka. Na farko bai yi ba. Na biyu ya fi. Na uku kam, wallahi ko ni da ake wa kukan sai da na ji tausayi.

Can da muryar ta yi nisa na ji ya ce a hankali, da muryarsa ta gaskiya, "Shekara ashirin da biyu ina riƙo. Ya isa."

Na tashi na karkaɗe rigata. Wawan nan da ke cikina a gindin ƙiryar na bar shi.

Na isa Kandamu tsakiyar rani. An yi sadakata ta uku da ta bakwai da ta arba'in, aka ce Barmo ne ya raba waina, kuma ya fi kowa kuka. Ban yi mamaki ba, na san inda ya koya. Matar farko da ta gan ni a ƙofar gari ta yar da tulunta ta zura a guje. Ban tsaya gida ba, na wuce bakin kwari. Ga katanga ta kai kamu ashirin, duk garin na ɗaukar dutse, Sarki na zaune a inuwa yana kallo, ga Barmo a sama da rawani yana nuni da sanda.

Na faɗi gaban Sarki na yi gaisuwa. Sarki ya dube ni ya dubi Barmo, ya ce, "Sarkin Ruwa, ba wannan ne ka binne ba?"

Barmo ya fara kame-kame. Sai na taimake shi. Na ce, "Zazzaɓi ne ya kama shi a kan tsauni. Kwana uku ina jinyarsa. Da hannuna na binne shi." Na sa rawar muryar daidai inda ya sa ta. Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya gane inda na ji.

Na ba Sarki labari tun daga tukunya har sakaina, na ce, "Allah ya ja zamaninka, maganata da shi daban. Katangar nan in ruwan farko ya same ta, a tsakar gidajenmu za ta kwana. A rushe ta, a kwashe duwatsun a hau tuddai da su."

Wani dattijo ya ce, "Yanzu katangar da muka yi wata huɗu muna ginawa za mu mayar wasan yara?"

Na ce, "Baba, ni ma haka na kira shi, sai da na yi damina guda ina cin ɓaure kafin in san ba wasa ba ne."

Sarki ya yi umarni. Aka warware rawani daga kan Barmo a gaban jama'a, aka tambaye ni hukuncin da nake so a yi masa. Na ce a bar shi ya ɗauki dutse kamar kowa. Ba don na yafe ba ne, kada ku ba ni girman da ba nawa ba. Hannu muke buƙata, kuma duk Kandamu babu mai ƙarfin hannunsa.

Muka jera duwatsu har hadari ya haɗo. Damina ta farko ruwa ya sauko daga tuddai yana tafiya kamar tsoho. Ta biyu ciyawa ta fito inda ba a taɓa ganinta ba. Bayan ta uku aka zo aka ce mini rijiyar kasuwa, wadda ta shekara biyar a bushe, tana danshi, sai a yashe ta. Duk gari ya taru. Matan da suka tafi sun dawo da yaransu, ana ta guɗa.

Na tuɓe riga, na ɗaura igiya a ƙugu. Sai ga Barmo ya ratso taro. Ya rame, furfura ta fito masa. Shekara uku ba mu haɗa ido ba. Ya tofa yawu a tafinsa, ya sunkuya ya ɗauki bakin igiyar. Na ga tabon Fagen Gishiri a hannun. Ɗaya hannun ya sa a aljihu ya fito da tsakuwa, ta yi sulɓi saboda shafa, layi shida na nan a jikinta.

Ya ce, "Na kasa jefar da ita, Cindo. Na kai ta bakin kogi ya fi sau goma. Karɓi abarka."

Na daɗe ina kallonta. Na so in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, na jira, ban ji ba.

Na ce, "Riƙe ta, Barmo. A al'adar mutanen can, sai wanda ya sauko yake ɗaukar tsakuwarsa. Wanda ya jefa wannan a tukunya tare da kai bai sauko ba."

Na zare igiyar daga hannunsa a hankali, na je gindin turken da ake ɗaure jakuna, na ɗaura ta, irin ɗaurin da na gani a jikin ginshiƙin Tilmasa. Na ja na ji ya kama. Sannan na sauka.

A gaba goma sha ɗaya ƙafata ta taɓa ruwa, mai sanyi, garau. Na ji guɗa ta ɓarke a sama. Na ɗebo da hannu na sha, sai hannuna ya kai ga igiya da kansa ya girgiza ta sau biyu. Na tsaya cikin ruwan nan ina jira, har na tuna. Na kama igiya na hau da ƙarfin damtsena.

Tun daga ranar na yashe rijiya ta fi ɗari, kuma turke ne ke riƙe mini. Iyakar abin da na gani ke nan a tafiyar Tilmasa. Wanda ya ji, Allah ya ba shi ruwa mai daɗi, ya kuma ba shi mai riƙe masa igiya.